Ranar da na raba wa surukaina kod ɗin asibiti

Ni tun ina yaro ban iya riƙe abu ni kaɗai ba, kuma na daɗe ina lissafa wannan cikin kyawawan halayena. In na sayo kilishi, a ƙofar gida yake ƙarewa. In na ji labari, kafin in cire takalmi rabin unguwa sun ji. Da na ajiye alli bayan shekarun da na yi ina koyarwa a makarantun firamare na Yamai, sai wannan hali ya rasa inda zai sauka, ya koma kan waya. Ni ne mai saita wa tsofaffin unguwa salula, ni ne masanin layin da ke kamawa a bakin gulbi da wanda sai an hau tudu. Maiɗakina takan ce, "Mushe, kai da za a ba ka ajiyar sirrin ƙasa, da kafin la'asar ka rubuta shi a allo yara sun kwafa." Mushe take ce mini idan tsokana ta motsa mata, yadda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ke kiran malaminsu.

Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi ta wajen Filato inda nake zuwa awon hawan jini. Yarinyar da ke karɓar mutane a bakin ƙofa ɗalibata ce, ni na koya mata haɗa baƙi. Wata rana jira ya yi tsawo, na ce ta ba ni kod ɗin wifi ɗinsu in duba labarai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mushe, na aiki ne, an hana mu." Na sauke tabarau na dube ta ta samansa, irin duban da nake yi wa aji idan an ƙi yin shiru. Ta raɗa mini shi. Na haddace shi nan take, na kuma fita ina jin kaina kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Wata Lahadi da hantsi maiɗakina na zaune a tsakar gida tana sheƙe shinkafar da uwarta ta aiko daga Saga, sai na ji faifai ya faɗi. Na leƙo don in yi mata tsiya, na tarar hannunta na hagu ya saki, bakinta ya karkace, tana kallona tana son ta yi magana maganar ba ta fita daidai. Ban san yadda na sami taksi ba. Abin da na sani kawai shi ne na ce wa direba ya kai mu asibitin nan, don na san suna da sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai.

An ɗauki hoton ba ɓata lokaci, aka kwantar da ita a wani ɗaki mai sanyi. Likitar da ke aiki ranar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarmu ta fari ba. Ta ja ni gefe ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce wannan ciwo iri biyu ne: ko jijiya ta toshe a cikin kai, ko ta fashe jini ya zuba. In toshewa ce, akwai maganin da ke tsinka jini, kuma gwargwadon saurin ba da shi gwargwadon abin da za a ceto na hannu da ƙafa da harshe. In kuwa fashewa ce aka ba da wannan magani, to an kashe ta. Ta ce ta duba hoton, amma akwai wani wuri da ba ta yarda da idonta ba, sai ƙwararren mai karanta hoto ya gani. Shi kuma ya yi tafiya wani gari mai nisa, amma yana zaune gaban kwamfutarsa yana jira. Da zarar hoton ya isa gare shi, zai kira.

Na ce, "To a aika mana."

Ta ce ana kan aikawa. Sai dai masu gyaran hanya sun tsinke babban layinsu tun cikin mako, yanzu da wani ɗan akwati mai sim suke lallaɓawa. Na ba da shawarar a ɗauki fuskar kwamfutar da waya a tura masa. Ta ce ta riga ta gwada, ya ce bai isa ba, hoton ba guda ɗaya ba ne, yanka-yanka ne masu yawa, kuma duka yake so. Ta nuna mini ɗakin mai na'ura, inda wani magidanci ke zaune ya zuba wa kwamfuta ido. A kan fuskarta akwai wani ɗan layi kore da ke tafiya daga hagu zuwa dama. In ya kai ƙarshe, hoto ya isa.

Kafin nan labari ya kai Saga, don ni da kaina na buga daga cikin taksi. Mu a nan ba a barin mara lafiya da likita kaɗai. Ba a jima ba farfajiyar asibitin ta cika: yayyen maiɗakina da ƙannenta da matansu, 'ya'yan baffanni, maƙwabtan gonar shinkafa, wasu ma da laka a ƙafa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwan dogon yaro, aka jera kuloli na abinci da fulas na shayi. Surukata, uwar maiɗakina, aka sa mata tabarmarta daban a jikin katanga. Tsohuwa ce Bazabarmiya wadda ba ta yawan magana, amma in ta yi tari kowa ya gyara zama.

Na fito daga ciki in gaishe su, sai na ji matar wani ƙanen maiɗakina tana cewa forfenta, wato datar wayarta, ya ƙare, ga shi ba a sanar da autansu da ke Abijan ba. Wallahi har yau ina tuna daɗin da na ji. Tun safe nake tsaye ba ni da amfanin komai, ban iya allura ba, ban iya karanta hoto ba, matata na kwance ban iya ɗaga mata ko yatsa ba. Ga shi an zo inda na iya. Na ce, "Kawo nan." Na buga kod, waya ta kama, fuskar autan ta fito ɓaro-ɓaro. Aka kai wa tsohuwa, ta riƙe da hannu biyu.

Daga nan sai na bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon takardun jarrabawa. Wanda bai nema ba ma na ce ya kawo. Wani yayan maiɗakina, dattijo mai tsantseni, ya ce, "Malam, ba za mu ƙarar masu da shi ba?" Na yi dariya irin ta wanda ya yi boko, na ce, "Wannan ai kamar ruwan gulbi ne, kowa ya ɗiba ba ya ragewa." Kafin in koma ciki, ana magana da Abijan, da Kumasi, da Agadas, da Makka, duk fuska da fuska. 'Yan matan da aka zo da su kuma sun ja gefe suna kallon abin da suke kallo.

A ciki na tarar layin kore ya tsaya cik, bai kai ko rabi ba. Mai na'ura yana ta shafa gemu. Sai malanta ta motsa mini. Na tsaya a kansa na yi masa darasi a kan halin da ƙasa take ciki: yadda ake tona hanya ba a tambayi abin da ke ƙarƙashi ba, yadda kamfanoni ke karɓa ba sa bayarwa, yadda a wasu ƙasashe likita ke yin tiyata daga wata nahiya. Na ce rashin kishi ne, kowa kansa ya sani, ba mai tunanin na bayansa. Wannan jimlar ta ƙarshe ta yi mini daɗi har na maimaita ta. Bawan Allah yana ta cewa, "Haka ne, Baba."

Aka kira azahar. Likita ta ce wani na jiki ya zauna kusa ko za a buƙace shi, don haka na ce zan yi tawa daga baya. A waje aka tayar da salla. Ina zaune sai na ga layin kore ya motsa. Ya ƙara motsawa. Ya kama tafiya sosai, har mai na'ura ya miƙe tsaye yana cewa, "Ya taso, ya taso!" Ana sallamewa na fita da gudu, babbar riga na kama iska, na ɗaga hannu na ce, "Jama'a, Allah ya karɓa! Kuna kabbara hoto ya kama hanya!" Wuri ya ɗauki hamdala, mata na share hawaye. Kowa ya zaro wayarsa don ya sanar da na nesa wannan abin al'ajabi.

Na koma ciki, layin ya tsaya.

Ina tsaye ina shirin buɗe babi na biyu na darasina sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Wani ɗan'uwansu ne ya turo wa dangi bidiyo daga farfajiya. Na buɗe, sai ga ni, hannu sama, baki buɗe, ina shelar karɓuwar addu'a. Bidiyon ya sauko mini ba wahala, ni da na san tun jiya ba ni da ko mega ɗaya. Na dubi saman wayar, ga alamar wifi. Na dubi ɗan akwatin da ke kan tebur yana ƙyafta fitila.

Na gyara murya na ce, kamar mai tambayar banza, "Wanga akwati, shi ne kuma na wifi ɗin gidan?"

Mai na'ura ya ce, "Shi ne tun da can, Baba. Amma kar ka damu, ba wanda ya san kod ɗin sai mu ma'aikata."

Mutumin kirki a nan zai buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ni dabara na nema. Na yi tunanin tunda salla ta sa sun ajiye waya, to a ƙara masu ibada. Na fita da fuskar natsuwa na ce tunda mun ga alamar karɓuwa, kada mu sassauta, a zauna a karanta Yasin gaba ɗaya. Kowa ya yaba. Aka yi da'ira, aka fara. Sai na ga hannuwa na tashi sama ɗaya bayan ɗaya, kowanne da waya, an juya fuskarta wajen masu karatu don na Abijan da na Makka su samu ladan amin. Waɗanda ɗazu ba su kira kowa ba ma yanzu sun kira. Na tsaya a tsakiya ina motsa baki, ban san ayar da ake ba.

Da na koma, sai na bi ta ɗakin da maiɗakina take. Tana kwance, idonta biyu. Ta ɗago hannun dama ta kama bakin rigata, ta yi ƙoƙarin cewa wani abu, sai miyau ya zubo ta gefen da ya karkace. Matar da ba ta taɓa barin in gama jimla ba tare da ta gyara mini ita ba. Na share mata da hannun rigata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kunyar da nake ta kare kaina daga gare ta kuma ta zama ba komai ba.

Na sami likita a ɗakin na'ura na ce, "Likita, ni ne. Mutanen da ke waje duka suna kan akwatinku. Ni na sa masu kod."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni, ta dubi agogon bango, ta tambayi mai na'ura ko za a iya korar su daga ciki. Ya ce wanda ya iya canza kod ba ya zuwa ran Lahadi, an kira bai ɗauka ba, in kuma aka kashe akwatin aka kunna, aikawar za ta koma farko. Ta juyo ta ce, "To Baba, kai ka buɗe, kai za ka rufe. Yi sauri."

Na fita na katse karatu, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kowa ya kashe waya, wayoyinmu ne suka tare wa hoton hanya. Aka fara gunaguni. Dattijon nan mai tsantseni ya ce, "A'a, Malam, ba kai ka ce ruwan gulbi ne ba?" Wata ta ce ita saƙo kawai take turawa. Wani ya sa tasa a aljihu da kiran a buɗe, ina jin muryar Kumasi na fitowa daga cikin wandonsa. Na daka tsawa irin ta aji, amma waɗannan ba 'yan aji ba ne, surukai ne, kuma sun ga babbarsu ba ta motsa ba. Tsohuwa na can jikin katanga, ta ba mu baya, autanta na karanto mata addu'a daga Abijan tana amsawa.

Tun da na auri 'yarta, ni da ita ba mu taɓa haɗa ido ba. In na je Saga, daga bakin zaure nake durƙusawa in yi gaisuwa, ta amsa daga bayan labule. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa miƙa mata abu hannu da hannu ba. In ina da magana, sai in faɗa wa 'yarta, ita ta kai. Yau mai kai maganar ce ke kwance.

Na cire takalmi tun daga nesa, na cire hula, na je gabanta na durƙusa, ba a gefe ba. Na ji farfajiyar duka ta ɗauke numfashi. Na ce, "Inna, a gafarce ni. Hoton kan ɗiyarki da muryar ɗanki hanya guda suke bi, kuma hanyar siririya ce, kamar gaɓar da ke tsakanin fangali biyu, mutum biyu ba sa wucewa. In bai sauka ba, ita ba ta wucewa. Ni na hau da ku kanta, ban sani ba. Laifina ne."

Ta ɗago ta dube ni. Ashe idanunta irin na maiɗakina ne sak, ban taɓa sani ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Kai ne ya yi?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta dubi wayar, ta ce wa autanta wata gajeriyar magana da Zabarmanci. Ta juya wayar sama da ƙasa, ba ta san inda ake kashewa ba. Sai ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na kashe. Ta jawo wata babbar roba da aka zo da shinkafa a ciki, ta juye sauran a murfi, ta ajiye robar a gabana, ta ɗaga murya sau ɗaya. Ban ji duk abin da ta ce ba, amma na ga dattawa masu furfura suna tasowa da waya a hannu. Haka na zauna a durƙushe gaban surukata, ba hula, ina kashe wayoyin danginta ɗaya bayan ɗaya ina jefawa cikin robar shinkafa. Da aka gama ta nuna aljihuna da haɓa. Na manta da tawa.

Ban koma ɗakin na'ura ba. Muna nan zaune, ba mai kallon kowa, har likita ta leƙo ta yafito ni. Ta ce hoto ya isa, ƙwararren ya kira, toshewa ce, an fara magani. Sannan ta tambaye ni inda na sami kod. Na ce na ga wani yana bugawa ne na haddace. Ta san ƙarya nake, ta ƙyale ni. A iya sanina wannan ne sirri na farko da na taɓa riƙewa, kuma ko a nan ban faɗi sunan yarinyar ba.

Maiɗakina ta tashi. Magana ta dawo, har ta fi da kaifi. Ƙafa ta dawo da ɗan ja. Hannun hagu ne bai dawo ba, yatsun sun lanƙwashe, ba sa riƙe komai. Da muka koma awo na tambayi likita ko da hoton ya isa da wuri hannun zai tsira. Ta ce ba wanda zai iya ce mini e, ba wanda zai iya ce mini a'a. Na so ta zaɓi ɗaya.

A Saga yanzu sunana Mai Gulbi. In na je gaisuwa, yara na bin bayana suna tambaya ko akwai kod. Tsohuwa ta koma bayan labulenta, ni ma na koma bakin zaure, sai dai takan aiko mini da ƙosai a cikin robar nan, ba ta taɓa canza ta ba.

Ɗaurin ɗankwali hannu biyu yake so, don haka ni nake ɗaura mata kowace safiya. Ban iya ba. Na kalli yadda mata ke yi, na gwada a kan tulu, amma kullum sai ya fito kamar rawanin mai gadi. Wata safiya za ta gidan suna, ina tsaye a bayanta ina fama, sai na ji maganar ta fito da kanta. Na ce, "Da ban raba kod ɗin nan ba..."

Ta ce, "Ja ta hagu, Mushe, ka rufe mini kunne."

Na ja. Ta kalle ni ta madubi. Can ta ce, "Ka san abin da ya riƙe ni ranar? Ina kwance ina jin kamar ana jana ƙasa, sai na ji muryar autanmu ta taga, yana addu'a daga Abijan. Na ce wanda ya kawo mini muryar yaron nan har nan, Allah ya biya shi. Ita na riƙe."

Na ce, "Allah sarki." Na ƙarasa ɗaurin, ya karkace kamar kullum. Ta duba, ta yi tsaki, ta ce haka za ta je, in mata sun tambaya ta ce sabon yayi ne daga Abijan. Ta ɗauki jakarta da hannun dama ta fita tana jan ƙafa.

Na daɗe a tsaye gaban madubin. Na yi jinyarta a ɗakin da aka kwantar da ita, na san shi kusurwa-kusurwa. Ba shi da taga.